Sajen da Aka Ba da Aronsa

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Gidan adana takardun soja ya amsa. Sunan Kaka, mahaifin Baba, ba ya cikin jerin injiniyoyin da aka kashe a yaƙin. Sun duba da suna, sun duba da lambarsa ta soja. Babu.

A tsaye na karanta saƙon a farfajiyar asibiti, na mayar da wayar jaka, na shiga wurin Baba. An jingina shi da matashi, ƙarin ruwa a hannun hagu. Yana ganina ya ce, "Uwata, kin samo mijin naki?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka tun ina ƙarama ni ce uwarsa, ni ce kuma matar ubansa, mutumin da ba a ƙara gani ba tun Baba yana ɗan shekara huɗu. Saje ne a sashen injiniyoyin soja, masu gina gada da gyara hanya. Jirgin ruwa ya tafi da su, yaƙi ya ƙare, abokansa suka dawo, shi bai dawo ba. Ba takardar mutuwa, ba kaya, ba kabari. Wani da suka tafi tare ya ce a rajistar kamfaninsu an rubuta "bai dawo ba". Kafin maganar ta kai ƙarshen layi ta zama "ya gudu". Yaran makaranta suka laƙaba wa Baba suna Ɗan Ƙafa-me-na-ci, sunan ya bi shi har ya yi gemu.

Makon jiya, bayan likita ya ja Yaya waje sun yi magana, Baba ya kira ni kusa. Ya ce, "Shekara ashirin kina tonon asirin mutanen da ba ki haɗa komai da su ba. Tono min na ubana. In gudu ya yi, ki ce min gudu ya yi. Ba na son a lallaɓa ni."

Yau na ce masa, "Ana kan dubawa." Ba duka gaskiyar ba ce, amma ba ƙarya a ciki.

Talata, 4 ga wata, bayan azahar

Na ɗauki hutu a gidan jarida. Edita bai tambaye ni na kwana nawa ba, ni ma ban faɗa ba.

Dokar da na koya a teburin tace labarai ita zan bi a nan: majiya ɗaya ba majiya ba ce. Ba zan kai wa Baba komai ba sai takarda biyu da ba su san juna ba sun faɗi abu guda.

Ban je ofishin likita ba. Yaya ne ke zuwa.

Alhamis, 6 ga wata, da la'asar

Ɗakin karatu na gidan adana takardun yana bene na biyu. Tebura dogaye, fanka ɗaya mai ƙara, ƙamshin tsohuwar takarda da maganin asu. Ba a shiga da biro, fensir kawai. Malamar da ke kula da ɗakin, mai tabarau a rataye da sarƙa, ta turo min kwali a kan keken turawa ta ce, "Ki juya shafi da tafin hannu, ba da yatsa mai yawu ba. Na san ku."

Na ce, "Mu su wa?"

"'Yan jarida. Kuna shigowa kamar an biyo ku, ku bar min kwali a hargitse."

A cikin kwalin na ga takardar aikinsa. Wannan ne karo na farko da na ga wani abu na Kaka da idona, don ko hotonsa ba mu da shi. Dogo ne, ya fi Yaya tsawo. Tabo a gira ta dama. Sana'a kafin shiga soja: kafinta. Sana'a a soja: gina gada, daraja ta ɗaya. Daga farabiti zuwa saje cikin shekara uku. A layin laifuffuka ba komai, fari tas. A layin ra'ayin hafsansa an rubuta: "Ba ya barin aiki sai ya duba da kansa. Yana da taurin kai."

Na yi dariya ni kaɗai har Malama ta ɗago kai. Ashe abin gado ne.

Sai rajistar kamfani. Abin da mutumin nan ya faɗa wa kakata gaskiya ne. Sunan Kaka, a gabansa "bai dawo ba". Bayan wasu makonni, da wani hannun, "an cire shi daga rajista". Ba a rubuta ya gudu ba. Ba a kuma rubuta inda ya je da har bai dawo ba.

Na kwafi layin hafsan na karanta wa Baba da yamma. Ya sa na maimaita "daraja ta ɗaya". Nas ta shigo canza ruwa, ya ce mata, "'Yata, ubana gada yake ginawa." Ta ce, "Madalla, Baba, miƙo hannun."

Agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu. Na ƙara huda madaurin.

Asabar, 8 ga wata, da safe

Mun yi sa-in-sa da Yaya a wurin ajiye motoci.

Ya ce, "Ke, wai me kike jira? Ki shiga ki ce masa an samu takarda, an harbe shi yana kare abokansa. Shi ke nan. Wa zai bincika?"

Na ce, "Shi. Zai ce in nuna masa takardar."

"To ki buga ɗaya mana. Ba aikinku ke nan ba?"

Na bar wannan ta wuce, don na san bai yi barcin kirki ba tun da aka kwantar da Baba. Na ce, "Yaya, ya ce kada a lallaɓa shi."

"Kowane tsoho haka yake cewa. Kin san abin da likita ya ce kuwa? Kin ma tambaya?"

Na ce na bar fayil a mota. Na buɗe ƙofa na tsaya ina laluben abin da ba ya ciki har ya tafi.

Yaya mutumin kirki ne. Ya rufe shagonsa na kayan lantarki sati biyu, shi ke wanke Baba, shi ke sa hannu a duk abin da aka kawo. Amma mutumin da ya ɗauki ƙarya a kansa shekara saba'in ba zan sauke masa ita in ɗora masa wata ba, ko da mai daɗi ce.

Lahadi, 9 ga wata, da rana

Baba bai ci abinci ba. Ya ce in kai masa labari, zai ci.

Litinin, 10 ga wata, da yamma

Na koma kan rajistar, wannan karon ba layin Kaka kaɗai ba, shafin gaba ɗaya da na bayansa. A makon da ya ɓace, akwai wasu mutum kaɗan da sunayensu suka fita daga lissafin abinci na kamfanin, bayan wata guda suka sake bayyana. Ba hutu aka rubuta musu ba, ba jinya ba. Sun fita tare da shi, sun dawo ba shi.

Na nuna wa Malama. Ta sa tabarau ta duba ta ce, "Ni takarda na sani, ban san soja ba. Ki zo ranar Alhamis. Akwai wani Kanar mai ritaya, injiniya ne, yana rubuta tarihin sashensu. Shekara shida yana rubutawa, har yanzu yana babi na biyu. Ki zo da haƙuri, yana da surutu."

Alhamis da nisa.

Laraba, 12 ga wata, da hantsi

Sun cire ƙarin ruwan. Nas ta ce jijiyar ta gaji. Ban tambayi ko za a mayar ba.

Alhamis, 13 ga wata, bayan la'asar

Kanar tsoho ne gajere, da sanda da jakar fata, muryarsa ta fi shi girma. Malama ta gabatar da ni, ya dube ni sama da ƙasa.

"'Yar jarida! Ku ba ku san gada ba sai ranar da ta karye. Me kike nema?"

"Kakana, ranka ya daɗe."

"Au, mijinki ya ɓace kin biyo sawu. Kawo in gani."

Ya karanta takardar aikin a hankali, bakinsa yana motsi. Da ya zo kan "daraja ta ɗaya" sai ya gyara zama. Da na nuna masa sunayen da suka fita suka dawo, ko minti ɗaya bai yi ba ya buga tebur har Malama ta yi gyaran murya.

Ya ce, "Aronsu aka yi. 'Yata, injiniya a yaƙi kamar tsani ne a unguwa. Kowa na bukata, ba kowa ke da shi ba. Bataliya ta iso bakin kogi ta tsaya, sai ta aiko a ba ta aron saje ɗaya da yaransa. Daga ranar su ke ciyar da shi, su ke ba shi umarni. In ya mutu a hannunsu, su za su rubuta. Kamfaninsa ba abin da ya sani sai cewa ya ba da tsani, tsani bai dawo ba."

"To me ya sa ba a sanar da iyali ba?"

"Kamfaninsa ne ke da adireshin gida, shi ke aika takardar ta'aziyya. Masu aro su ke da gawa. In takardar da ke tsakaninsu ta faɗa ruwa, ko akawun ya mutu, ko rundunar ta yi gaba, shi ke nan. Mai adireshi bai san an mutu ba, mai gawa bai san gida ba. Na ga irinsa da idona a zamanina."

Na tambaye shi ko hakan na nufin Kaka bai gudu ba. Ya ce, "Yana nufin kina dubawa a kwalin da ba shi ba. Kada ki sa min magana a baki."

Na ji daɗin wannan amsar fiye da in ya ce e.

Shi da Malama suka yi ta gardama a kan taswira, wace runduna ce ke kusa da kamfanin a watan. Suka tsaya a kan wata rundunar jigilar kaya. Ta ce takardunsu na mamata kashi biyu ne: waɗanda aka kashe a fagen fama, da waɗanda suka mutu ta wata hanya, cuta ko hatsari. Kashi na biyu ba a shigar da shi kwamfuta ba, yana ɗakin ƙasa. Sai Litinin za a fito da shi.

Na gaya wa Baba batun aro kawai, a matsayin ra'ayin Kanar. Ya ce, "Aro? Ubana guda suka ara kamar tabarma?" Ya yi dariya, ya sha kofin shayi rabi.

Juma'a, 14 ga wata, da yamma

Likita ya tare ni a matakala. Ya fara magana, na ce masa Yaya ne ke kula da wannan ɓangaren. Ya ce, "Ke ma 'yarsa ce." Na ce haka ne, na gode.

Na rubuta labarin mutuwar mutane da yawa. Na san yadda ake tsara jimlar farko: wane ne, me ya faru, a ina, yaushe. Yau a mota na kama kaina ina tsara ta Baba, na kunna rediyo.

Litinin, 17 ga wata, da azahar

An same shi.

Kati ne ɗan ƙarami, launin ƙasa, gefensa ya ci. Lambarsa daidai, sunansa daidai, muƙami saje, a ƙasa "injiniya, na aro". Ranar mutuwa kwana kaɗan bayan fitarsa daga lissafin abincin kamfaninsa. Dalili: "Hatsari. Gada ta karye. Ba a fagen fama ba."

Na ajiye fensir. Malama ta zo ta tsaya a bayana ta karanta, ta dafa kafaɗata, ta koma teburinta.

Bai gudu ba. Ina son in rubuta wannan da babban baƙi, amma kati ɗaya ne, kuma katin ya zo da wutsiya. Saje ɗaya aka ara don gina gada. Gadar da ta karye tasa ce.

Litinin, bayan la'asar

Na nuna wa Yaya hoton katin a wayata, a bakin ƙofar ɗaki. Ya karanta, fuskarsa ta saki, sai ta sake ɗaurewa.

"An gudu ba a tsira ba," in ji shi. "Da ana cewa ya gudu. Yanzu za a ce ya gina gadar da ta kashe mutane. Motocin soja cike suke da mutane, ke ma kin sani. Ki gaya masa rabin farko. Ya mutu a bakin aiki. Ki tsaya nan."

"Zai tambayi yadda ya mutu."

"Ki ce ba a rubuta ba."

"An rubuta."

"Wallahi taurin kanki zai kashe mutum," ya ce, sai ya ji abin da ya faɗa, ya juya ya fuskanci bango.

Da na shiga, Baba ya ce, "Uwata, yau fa?" Na ce, "Na kusa." Ya daɗe yana kallona. Shi ya koya min karanta jarida tun daga shafin baya, ya san fuskar mai riƙe da labari. Ya ce, "To. Amma ki ɗan yi sauri."

Talata, 18 ga wata, da safe

In mutum ashirin suka mutu a kan gadar nan, zan gaya masa ashirin. Na yanke wannan tun kafin in duba, don kada adadin ya yanke min.

Laraba, 19 ga wata, da yamma

Wuni biyu a kan kwalayen rundunar jigilar. Kowane kati na bi, na fagen fama da na hatsari, na ranar da na makon da ya biyo baya, saboda waɗanda rauni zai kashe daga baya. Sannan na bi na bataliyoyin da ke bayansu a hanyar, don mai yiwuwa nasu ne a cikin motocin.

A ranar, a wannan kogin, mamaci ɗaya ne. Shi.

Malama ta samo min littafin shiga da fita na asibitin fagen yaƙi da ke kusa. Wasu mutane dabam ne suka rubuta shi, ba su san da katin ba. Ranar an kawo mutum biyu daga bakin kogi. Direba, karaya a ƙafa, an sallame shi bayan wata biyu. Saje na injiniyoyi, lamba iri ɗaya, nauyi ya danne kafaɗu da ƙirji daga sama. Ya isa da rai, ya rasu da yamma. An binne shi a maƙabartar asibitin.

Majiya biyu. Na zauna ina kallon fankar nan mai ƙara, ina jin kamar in tashi in yi wa ɗakin jawabi.

Na rubuta wa ofishin kula da kaburburan soja, na ba su lambarsa da sunan asibitin.

Abin da ban gane ba: gada ta karye da mota, direba kaɗai a ciki, wanda ya gina ta kuma nauyi ya same shi daga sama. Gobe Alhamis.

Likitoci sun ce mu kai Baba gida ranar Juma'a. Zai fi jin daɗi a ɗakinsa, in ji su.

Alhamis, 20 ga wata, da hantsi

Kanar ya karanta katin da shafin asibitin, ya cire tabarau.

Ya ce, "A ƙarƙashi yake."

"Ƙarƙashin gadar?"

"Ba ya cikin littafin koyarwa, ba wanda zai umarce ki. Amma tun kafin in shiga soja haka ake yi, haka na tarar, haka na yi. Wanda ya gina gada, in an gama, yakan tsayar da ayari. A sauke kowa. A loda mota ɗaya da kaya, direba kaɗai, ƙofarsa a buɗe. Shi kuma sajen ya sauka ƙasa ya tsaya inda zai ga mahaɗar katako, da usur a baki. In ya ga abu ya motsa ya busa. Daga sama ba a ganin komai, 'yata. Gada daga ƙasa take faɗin gaskiya. Kuma yaran da za su hau suna kallo. In wanda ya yi ta ya yarda ya tsaya ƙarƙashinta, sai su hau da zuciya ɗaya."

"Wato aikin nasa ne bai yi kyau ba?"

"Wa ya sani? Ɗanyen katako, ruwa ya ci gindi da dare, an ba shi kwana ɗaya a aikin kwana uku. Ko kuma ya yi kuskure, mutum ne. Ba zan wanke shi ba. Abin da zan iya gaya miki shi ne, in gada ta karye da ayari, ana kwasar gawa da babbar mota. Ta kakanki ta karye da mutum ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Wani ya tsayar da ayarin nan."

Na ce, "Zan iya cewa in ji ka?"

"Ki ce in ji tsohon da ya tsaya ƙarƙashin gada sau da yawa yana karanto duk addu'ar da ya sani. Amma ra'ayi ne, ba shaida ba. Ban ga wurin ba."

Da zan tafi ya miƙe da ƙyar a kan sandarsa, ya ƙame. Na ɗauka ni yake yi wa. Ashe katin da ke kan tebur yake kallo.

Juma'a, 21 ga wata, da yamma

Mun kawo shi gida. Yaya ya matsar da gadon kusa da taga, inda ake ganin bishiyar tsakar gida da igiyar shanya. Ya ɗauko shi daga mota a hannu kamar yaro. Baba ya ce, "Sauke ni, ana kallo."

Ya gaji. Sai gobe zan gaya masa.

Asabar, 22 ga wata, bayan azahar

Na gaya masa.

Na zauna a bakin gado da kwafin takardun. Yaya ya tsaya a ƙofa, hannu a harɗe. Na ce, "Baba, kashi uku ne. Abin da aka tabbatar, abin da mutum ɗaya ya ce, da abin da ba a sani ba."

"Fara da na farko."

"Bai gudu ba. An ba da aronsa ga wata runduna don ya gina gada. Ya rasu a can, a asibitin soja, an binne shi. Takarda biyu sun faɗa."

Ya rufe ido. Leɓensa ya yi motsi. Na jira.

"Harbinsa aka yi?"

"A'a. Gadar ce ta karye."

"Tasa?"

"Tasa."

Yaya ya yi ajiyar zuciya daga ƙofa. Baba ya buɗe ido. "Mutum nawa ta ci?"

"Shi kaɗai. Direban ya karye a ƙafa, ya warke."

Sai na faɗa masa maganar Kanar, na ce ra'ayi ne. Ayarin da aka tsayar, motar gwaji, saje a ƙasa da usur. Na nuna masa layin asibitin da ya ce nauyin daga sama ya zo. Ya karɓi takardar, ya kai ta kusa da fuska, ko da yake in ba tabarau ba ya ganin komai.

Ya ce, "Wato aikin bai yi ba."

Na ce, "Ba a sani ba, Baba. Mai yiwuwa ruwa ne ya ci gindin, ko katakon..."

"A'a, Uwata, kada ki gyara wa mijinki. Aikin bai yi ba, shi kuma ya shiga ƙarƙashinsa ya tsaya." Ya ɗaga murya, muryar da ban ji ba tun kafin asibiti. "Kai, babban banza, kana ji? Kakanka ke nan."

Yaya ya ce, "Ina ji, Baba," ya fita da sauri. Na ji famfon tsakar gida yana zuba, ya daɗe yana zuba.

Baba ya ce a kawo masa abinci, a kawo masa farar hularsa, a kuma kira masa Tela.

Lahadi, 23 ga wata, da la'asar

Tela abokin Baba ne tun aji ɗaya, kuma a cewar Baba shi ya fara raɗa masa sunan nan a filin makaranta. Shekara saba'in suna abota suna faɗa. Ya zo da sanda, numfashi sama-sama, ya zauna a kujerar roba.

"Ka kira ni in yi maka awon riga ne? Ai ka rame, yadi ɗaya ya ishe ka."

"Zauna ka ji, tsohon banza. Uwata, karanta masa. Duka, har da inda aka ce ra'ayi ne."

Na karanta. Tela ya saurara da hannu a bayan kunne. Da na gama ya murza kan sandarsa.

Ya ce, "To ai gadar ta karye."

"Ta karye. Wa ke ƙarƙashi?"

"Ni da a ce ubana ne, da na fi so ya gudu. Da yanzu kana da ƙanne a ƙetare suna aiko maka da turare."

"Ubanka da ko tsani bai taɓa hawa ba!"

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Yaya ya shigo da ruwa. Tela ya karɓi kofin da kansa ya riƙe masa a baki, ruwan na zuba a kan hular da ta faɗo. A hankali ya ce, "Yara ne mu, ba mu san komai ba." Baba ya ce, "Na sani. Shi ya sa na kira ka ka sani."

Sun zauna har rana ta bar tagar. Tela ya nemi kwafi ɗaya, wai zai kai majalisarsu ta bakin shago. Baba ya ce a ba shi biyu.

Talata, 25 ga wata, da hantsi

Yawanci barci yake yi. Takardar asibitin tana ƙarƙashin matashinsa. Yaya ya ce in kwaso kayana in dawo nan gidan, na kwaso.

Jiya ya farka ya ce, "Kashi na ukun fa?" Na ce kabarin ne, ba a gano wanne ba tukuna. Ya ce, "In sun faɗa ki gaya min, ko ina barci. Ki faɗa da ƙarfi."

Laraba, 26 ga wata, da yamma

Ofishin kula da kaburburan soja ya amsa. Maƙabartar asibitin tana nan, an kewaye ta, ana share ta. A jere na ƙarshe, kusa da katanga, akwai dutse ɗaya da aka rubuta "Saje, injiniya" da ranar da ta yi daidai da ta katin. Ba suna a kai. Sun ce lambar mamacin tana cikin rajistar binnewa da ke hannun mai kula da wurin, sun aika a duba ko tasa ce.

Na karanta wa Baba da ƙarfi. Yaya ya ce ya ga yatsunsa sun motsa. Ni ban gani ba.

Har zuwa yammacin nan ba su tabbatar da lambar ba.